Gurnani a Ƙarƙashin Katako

Mortagne, 2 ga Afrilu, 1979

Ƙanena Firmin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Raymonde da yaran. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar matata Gilberte da ke tashi duk sanda iska ta juyo daga teku, sai kuma bakinta, wanda shi ba ya jiran iska.

Na san sai ka juya ambulan ɗin nan sau biyu kana neman wanda ya mutu. Ba wanda ya mutu. Shekara shida rabon da in rubuta maka, kai ma haka, don haka kada wani ya fara. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, kuma shekara tara ka yi kana shan miyar gidanmu, ba sai na yi maka kewaye-kewaye ba.

Ruwa ya fara ɗumi. Jiya na tsoma hannu a bakin tashar jiragen ruwa, bai cije ni ba. Nan da mako biyar kifin nan mai gurnani zai shigo bakin kogi. In hayaƙin Saint-Étienne bai cinye maka ƙwaƙwalwa ba, ka tuna yadda ake yi. A kai daura da duwatsun Talmont sanda ruwa ya tsaya, a kashe inji, kowa ya yi tsit, mutum ɗaya ya kwanta a cikin jirgi ya manna kunne da katako har ya ji kifin yana gurnani a ƙasa. Tun rasuwar Baba ni ke kwanciyar nan. Jirage huɗu ke bin bayana har gobe, na Octave Merlet a gaba kamar kullum. In na kashe inji su kashe, in na ɗaga hannu su zuba raga inda na nuna.

Ga abin da nake so. Ka zo cikin Mayu, ko da na mako uku ne. Ina so ka kwanta inda nake kwanciya. Ban san ko baɗi zan iya ba. 'Yata Maryse ta samo mana wani ɗaki a Saintes, hawa na uku, tagarsa tana kallon wajen ajiye motoci, kuma ta dame ni da maganarsa.

Kada ka buga waya mashayar Paulette. Wayar nan ta lalace, ba a jin komai a cikinta sai shuu. Rubuto kawai, kuma kada ka ɗauki wata guda.

Yayanka,
Léonce

Saint-Étienne, 11 ga Afrilu

Yaya Léonce,

Na sami wasiƙarka. Muna lafiya, Raymonde tana gaishe ku, ta ce a shafa wa Gilberte man kafur a gwiwar. Bakin kuwa ta ce ba ta san maganinsa ba, don ita ma tana fama da nata.

Yaya, ban yi barcin kirki ba tun da na karanta. Sau biyar na maimaita layin nan. Ka ce in zo in kwanta inda kake kwanciya, ka ce ba ka san ko baɗi za ka iya ba. Me likita ya ce maka? Huhu ne, irin na Baba Anatole? Kada ka ɓoye mini. Na san halinka, ƙugiya ta taɓa shiga tafin hannunka ka ce sauro ne. In abin babba ne ka faɗa, mu san inda za a kai ka. Akwai likitoci a Lyon da suka fi na Saintes nesa ba kusa ba.

Maganar zuwa cikin Mayu kuwa, ba zai yiwu ba. Hutunmu a maƙera cikin Agusta yake, kuma shugaban sashenmu ba ya sakin mutum ko uwarsa ce ta mutu sai ya ga takarda. Ga tattabaruna sun yi ƙwai, Raymonde kuma tsoron shiga akurkin take yi. Ban da haka, shekara talatin da biyu rabona da jirgi. Ina jin da na taka shi zan fara amai, Octave ya samu abin ba da labari har Kirsimeti.

Ka saurari Maryse. Shekararka sittin da ɗaya, bayanka ya sha katako ya ƙoshi. Ɗaki mai ɗumi ba abin kunya ba ne. Kifi ne fa kawai, Yaya, ba zai zo jana'izarka ba.

Ka yi daidai da ka ce a bar waya. Tamu ma sai a hankali, Raymonde ce ke ɗauka. Takarda ta fi.

Ƙaninka,
Firmin

Mortagne, 19 ga Afrilu

Firmin,

Lafiyata ƙalau, tunda ita ka tambaya. Huhuna ya fi naka, ni ba gawayi nake shaƙa ba. Wa ya ce maka mutuwa zan yi? Na ce ka zo ka kwanta a cikin jirgi, kai kuma har ka auna mini akwatin gawa.

Kifi ne fa kawai. Na karanta wa Gilberte wannan da ƙarfi, ta ce in zauna kafin in fasa kofi.

Bari in tuna maka wani abu. Wata biyu bayan an gama yaƙin duniya, muna daura da Meschers, ni na kwanta na ce babu komai. Baba ya ce ka gwada. Ka kwanta, ko minti ɗaya ba ka yi ba ka ɗaga hannu, muka cika jirgi har ruwa yana lasar baki. A gabana, a gaban Octave, Baba ya ce, "Léonce yana saurare, amma Firmin ji yake yi." Ni ɗansa ne, kai ɗan riƙo. Na haɗiye maganar nan, tana nan a maƙogwarona har yau. Sai ka ɗauki kunnen da Allah bai ba kowa irinsa ba a kogin nan, ka kai shi gidan guduma, saboda albashin ƙarshen wata da takalmi busasshe.

Shekara talatin da biyu ban roƙe ka ko allura ba. Yau na roƙa, ka ba ni tattabaru.

Agusta! Ka fi kowa sanin cewa kafin Agusta mai gurnani ya koma teku. Me za ka zo yi a Agusta, ka kwanta a yashi da mutanen Paris?

Ka gaida Raymonde, ita ba ta yi mini komai ba.

Léonce

Mortagne, 9 ga Mayu

Firmin,

Da fatan kuna lafiya. Kwana ashirin ke nan ba amsa. Kullum ƙarfe goma ina bakin ƙofa ina gyaran ragar da ba ta yage ba, mai kawo wasiƙa ya wuce a kekensa yana girgiza mini kai tun daga nesa. Har ya fara jin tausayina, abin da na fi tsana ke nan.

Na janye rabin abin da na faɗa. Rabi kawai.

Furen ƙaya ya buɗe a kan tudu, ruwa ya yi launin madara da kofi, tsuntsayen teku sun cika bakin laka. Komai ya nuna masu gurnani sun kusa, ko ma sun shigo. Ba na iya zama. Na shafa wa jirgi fenti sau biyu, na kwance inji na ɗaure, Gilberte ta kore ni daga kicin ta ce ina zagaya ta kamar kare mai neman wajen kwanciya. Kullum da safe Octave sai ya tare ni ya ce, "Léonce, yaushe?" In ce masa ruwa bai gama ɗumi ba. Jiya ya tsoma hannu a ruwan a gabana, ya dube ni.

Ba zan iya ci gaba da ja musu rai ba. Mako mai zuwa za mu fita.

In fushi kake yi, ka yi fushinka a nan, akwai gado a ɗakin sama. Jirgin ƙasan Bordeaux yana nan kullum. Ka zo, Firmin. Ba zan sake rubuta kalmar nan ba.

Léonce

Mortagne, 21 ga Mayu

Firmin,

Gilberte ce. Ina gaishe ka, ina gaida Raymonde. Gwiwa da sauƙi. Léonce bai san ina rubuta wannan ba, yana tasha yana wa jirgi fenti na uku.

Ni ba na iya rubutu mai lanƙwasa irin naku, don haka ga ta a miƙe. Yayanka ba ya ji. Shekara biyu ke nan abin yana cinsa. Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan. Wayar Paulette lafiyarta ƙalau. Bara da ƙwaƙwalwa ya yi kamun, yana tuna inda kifin ya saba tsayawa a wace rana, Allah ya rufa asiri aka ɗan samu. Shi ya sa ya kira ka. So yake ka kwanta a gefensa ka taɓa shi da ƙafa, shi kuma ya ɗaga hannu, ba wanda ya sani. Ni na gwada shekara talatin, ba na jin komai sai motsin ruwa da kukan cikina.

Ran Alhamis muka fita. Daura da Talmont ya yi mini alama na kashe inji, na baya suka kashe. Firmin, ban taɓa ganin rana irin wannan ba. Kifin yana ƙarƙashinmu, ya yi yawan da ba a bukatar kwanciya. Ni mai kunnen katako, a tafin ƙafata na ji shi, jirgin yana rawa kamar an jingina shi da injin niƙa. Na ga Octave ya miƙe tsaye, hannunsa a kan raga. Kowa ya ji. Mutum ɗaya ne bai ji ba, shi ne wanda ke kwance da kunne a katako.

Ya daɗe. Sannan ya tashi ya karkaɗe wando ya ce da ƙarfi, "Babu komai a nan. Mu matsa gaba."

Na rasa inda zan sa idona. Ƙanin Octave ya buɗe baki, Octave ya ce masa, "Rufe mini baki. In Léonce ya ce babu, to babu." Ya tada injinsa. Sauran ma suka tada. Jirage huɗu suka bar kifin shekara guda a ƙarƙashinsu suka bi shi, muka zuba raga a ruwan banza, muka dawo da ciyawa da kaguwa biyu.

Sun yi masa wannan sau ɗaya. Ba za su iya sau biyu ba, suna da bakunan ciyarwa, kuma ni ba zan bari ba. Shi bai san sun sani ba. A hanya har cewa yake yi bana kifin ya makara.

Ya yi wa Maryse alkawari tun hunturu, in har ranar Saint-Jean, ashirin da huɗu ga Yuni, bai kawo mai gurnani tasha ba, zai bar jirgi ya bi ta Saintes. Ka san shi da alkawari. Kuma ka san abin da hawa na uku zai yi masa. Ba zai kai Kirsimeti biyu ba.

Ban san me ya hana ka amsa ba. In girman kai ne, gidan nan akwai mai shi da yawa, ba ma bukatar ƙari.

Gilberte

Saint-Étienne, 27 ga Mayu

Yaya Léonce,

Muna lafiya. Gilberte ta rubuto mini. Kada ka yi mata faɗa, ta fi mu hankali mu biyu a haɗe.

Wasiƙa huɗu na rubuta maka tun Afrilu, duk na yayyaga. Ga ta biyar.

Kunnen da kake nema babu shi. Gudumar maƙera ta cinye shi tun shekara goma da suka wuce. Jikata tana yi mini magana, ina kallon bakinta ina murmushi kamar wawa. Raymonde takan buga tebur kafin ta ce abinci ya sauka. Wayarmu ma lafiyarta ƙalau. Tattabaru gaskiya ne sun yi ƙwai, amma da na so da maƙwabci ya duba su. Da ka ce in zo in kwanta, na hango kaina a cikin jirgin Baba Anatole, kunne a katako, Octave yana kallo, ni kuma ba na jin komai. Abu ɗaya na taɓa fin kowa a duniya, kuma a Mortagne kaɗai ake tunawa da shi. Na so a ci gaba da tunawa. Shi ya sa na ce kifi ne kawai. Ƙarya nake yi. Har yau in Mayu ta kama nakan tsaya a bakin taga ban san me nake jira ba.

Ka yi zaton raina ka na yi, ni kuma na yi zaton mutuwa za ka yi. Kurame biyu suna ta ihu ta gidan waya.

Yanzu ka karanta da kyau. Tare da wannan akwai dogon ƙunshi, kada Gilberte ta ɗauka sandar labule ce. Ƙarfe ne mai kan katako. Da shi nake aiki. Aikina a nan shi ne in gane injin da ke shirin lalacewa kafin ya lalace, kuma har yau ba wanda ya kai ni, ni kurma. Nakan dafa bakin ƙarfen a jikin inji, in ciji katakon. Ƙarar ba ta bi ta kunne, ta haƙori take hawa ta shiga ƙashin kai. Da Gilberte ta ce ta ji kifin a tafin ƙafarta, na tashi tsaye a kicin har kujera ta faɗi. Abin da ƙafa ta ji, haƙori zai ji fiye da haka.

Ka dafa shi a kan katakon tsakiya, wanda ke bin ƙashin bayan jirgi, ba na gefe ba. Ka ciza sosai, ka rufe ido, ka riƙe numfashi. Ban yi maka alkawari ba. Inji na sani, ban taɓa gwada shi a kan kifi ba.

Abu ɗaya ne matsalar. Ba a yin wannan a ɓoye. Duk wanda ya ga mutum durƙushe da ƙarfe a baki ya san dalili.

Ƙaninka,
Firmin

Mortagne, 12 ga Yuni

Ƙanena Firmin,

Muna lafiya, gwiwa da baki duka. Kwana uku ban yi wa Gilberte magana ba. Ta ce ita ma ta daina yi mini, amma ban lura ba.

Sandarka ta kwana biyar a bayan ƙofa. Ina wucewa ina harararta. Ran na shida na ɗauke ta na shiga mashayar Paulette da rana tsaka, duk suna nan, na ajiye ta a kan tebur na ce, "Jama'a, ni kurma ne." Na ga bakin Octave yana motsi. Na ce ya ɗaga murya. Ya zagayo ta hagu, ya kama kafaɗata, ya kwarma mini, "Mun sani tun bara, tsohon jaki!" Paulette ta zuba giyar pineau, ba wanda ya kalli wani. A nan Octave ya faɗa mini abin da ya faru ran Alhamis ɗin nan. Na fita bayan mashayar na daɗe. Kai kaɗai na faɗa wa wannan.

Ranar farko ban ji komai ba. Na durƙusa da ƙarfe a baki kamar kare da ƙashi, jirage huɗu suna kallo, ban ji ko ɗis ba. Na dawo na ce wa Gilberte ta rubuta wa Maryse ta zo da mota. Ta ce, "Da wane haƙori ka ciza?" Na nuna mata. Ta ce, "Na roba? Kai da likitan haƙori wa zai ji kifin? Cire su!"

Ka manta ba ka tambaya ba, ni ma na manta ban faɗa ba. Na sama duk na saye ne. Nawa na gaske biyar suka rage, a ƙasa, gefen hagu.

Ran Asabar muka koma. Ruwa ya tsaya wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta yi zafi, ba iska. Na zare haƙoran na miƙa wa Gilberte ta sa a aljihun riga. Ƙanin Octave ya yi dariya har ya kusa faɗawa ruwa, wannan kam na gani ko ban ji ba. Na dafa ƙarfen a katakon tsakiya, na ɗora biyar ɗin nan a kai, na danne da dasashi, na rufe ido.

Da farko bugun zuciyata kawai. Na ce mu matsa, muka bi ruwa kaɗan zuwa Meschers. Na sake cizawa. Sai ga shi. Can ƙasa, siriri, sannan ya yi kauri, ya hau muƙamuƙina ya cika mini kai. Gurr, gurr, ya tsaya, wani ya amsa daga gefe. Firmin, shekara biyu. Na san ya kamata in ɗaga hannu, amma na kasa sakin sandar. Hawaye da miyau suna bin ƙarfen, ni ko a jikina. Sai da Gilberte ta shure ni da ƙafar mai ciwon. Na baya ba su ji komai ba, kifin ya yi zurfi. Na juya sandar hagu, na juya dama, na gane inda ya fi ƙarfi, na ɗaga hannu.

Goma sha ɗaya muka ɗauka a jirginmu, babban ya kai tsawon Gilberte. Octave tara, kuma yana cewa goma. Maryse ta zo ran Lahadi, ta ga kifin, ta ga sandar, ta ga bakina, ta yi dariya har ta koma kuka. Ɗakin Saintes an ba wani malamin makaranta.

Baba ya yi gaskiya, ka ji na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba. Daga nisan kilomita ɗari biyar, da kunnen da ya mutu, kai ka ji su kafin ni.

Na kai sandar wa maƙerin garin Cozes ya yi mini irinta sak. Tana bayan ƙofa, ta biyu. Katakon tsakiya yana da faɗin mutum biyu in sun matsu. Kifayen suna nan har tsakiyar Yuli, ba su san da hutun Agusta ba. Ka gaya wa shugaban sashenku yayanka yana kan gargara, ai kai ka fara faɗa, in yana son takarda Gilberte za ta rubuta. Tattabaru a bar wa maƙwabci.

Na ce ba zan sake rubuta kalmar ba, to ga ta. Ka zo. Ba kunnenka nake nema ba yanzu, ka bar shi a can. Haƙoranka kawai za ka taho da su.

Yayanka,
Léonce